Bututun da ke Kaiwa Ƙofar Zuciya: Waiwaye kan Rayuwar Masu Ɗauke da Shi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai doguwar rashin lafiya ya san wahalar neman jijiya. Ma'aikaciyar jinya za ta ɗaure dantse, ta bubbuga bayan hannu, ta soka allura, ta zare, ta koma ɗaya hannun. Bayan kwana uku ko huɗu wurin ya kumbura ya yi ja, a cire kanula, a sake neman wani wurin. Mai zazzaɓin kwana biyu zai daure. Amma wanda zai shafe wata shida ana ba shi maganin cutar daji, ko wanda hanjinsa ya daina aiki har iya rayuwarsa, jijiyoyin hannunsa ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan matsala ce ta haifar da siririn bututun roba da ake zurawa cikin babbar jijiyar jini, bakinsa ya tsaya daf da zuciya, a bar shi a jiki makonni ko watanni, wani lokaci ma shekaru.

Dalilin zaɓen wannan wuri a fili yake. Babbar jijiyar da ke dawo da jinin kai da hannuwa zuwa zuciya tana ɗauke da kimanin lita 2 a minti ɗaya. Maganin da zai ƙona ƙaramar jijiyar hannu, idan ya faɗa cikin wannan yawan jini, nan take yake sirkuwa. Sa bututun aikin sa'a ɗaya ne ko ƙasa da haka. Zama da shi kuwa aikin dare da rana ne, kuma mara lafiya da iyalinsa ne suke yin sa. Tarihin wannan bututu ya nuna cewa an daɗe ana gyara shi bisa bukatar likita kafin a fara tambayar wanda yake kwana da shi, yake tashi da shi.

Daga gwaji zuwa aikin yau da kullum

A shekarar 1929, a garin Eberswalde na ƙasar Jamus, wani matashin likita mai shekara 25, Werner Forssmann, ya tsaga jijiyar gwiwar hannunsa, ya zura siririn bututun da ake amfani da shi a hanyar fitsari, ya yi ta tura shi har kimanin santimita 65. Da bututun a jikinsa ya taka zuwa ɗakin ɗaukar hoto, hoton kuwa ya nuna bakin bututun a sashen dama na zuciyarsa. Manyan likitocin zamanin sun ɗauki abin a matsayin ganganci, har ya rasa gurbinsa a asibitin Charité na Balin. Sai a 1956 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards, waɗanda suka ɗora a kan aikinsa a Amurka. Abin da Forssmann ya tabbatar shi ne mutum zai iya rayuwa, har ya yi tafiya, da bututu a cikin zuciyarsa.

Matakai biyu suka biyo baya a jere. A 1952 Robert Aubaniac, likitan Faransa da ke aiki a Aljeriya, ya bayyana yadda ake samun babbar jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Ya koyi wannan ne wajen ceton sojojin da suka zubar da jini har jijiyoyin hannunsu suka shafe. A 1953 kuma Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar da har yau ake bi: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sannan a bi wayar da bututu. Da wannan dabara aka rage yanka fata don tono jijiya.

A wancan lokaci ba a maganar zama da bututu. Robar tana da tauri, tana gurzar bangon jijiya, jini yana daskarewa a kanta, ƙwayoyin cuta kuma suna bin ramin da ta shiga kai tsaye zuwa cikin jini. Mai ɗauke da ita yana kwance ne a gadon asibiti, sau da yawa bai ma san inda kansa yake ba. Ana cire ta bayan 'yan kwanaki, ko ya warke ko ya cika.

Matar da ta koma gida

Abin da ya sauya lissafi shi ne yunwa. Kafin ƙarshen shekarun 1960, wanda ya rasa hanjinsa yunwa ce take kashe shi a gaban likitoci, domin ruwan sukarin da jijiyar hannu za ta iya ɗauka bai isa ya riƙe jiki ba. A Jami'ar Pennsylvania, Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka ciyar da 'yan kwikwiyo ta babbar jijiya kaɗai, suka girma daidai da 'yan uwansu masu ci da baki. A 1967 aka gwada hanyar a kan wata jaririya da aka haifa kusan ba hanji. Ta yi nauyi, ta yi tsawo, ta rayu wata 22. Amma a asibiti ta yi su.

Wadda ta nuna wa duniya cewa za a iya fita da bututun daga asibiti ita ce Judy Taylor, wata uwar 'ya'ya mata uku a ƙasar Kanada. A 1970 gudan jini ya toshe jijiyoyin da ke ciyar da hanjinta, hanjin ya mutu, aka cire kusan dukkansa. Likitanta a babban asibitin Toronto, Khursheed Jeejeebhoy, ya ƙi yarda a bar ta ta mutu. Bayan watanni a gadon asibiti aka sallame ta da bututu a ƙirji, aka koya mata yadda za ta haɗa wa kanta abinci. Kowace yamma za ta wanke hannu, ta share bakin bututun, ta rataya ledojin ruwan abinci, su yi ta shiga jikinta har gari ya waye. Da safe ta rufe bututun ta shiga hidimar gida. Tana dafa wa mijinta da 'ya'yanta abincin da ita ba za ta ci ba. Haka ta rayu shekara 20, ta rasu a 1991.

A jikin wannan mata likitanci ya koyi abubuwan da babu su a littafi. Bayan sama da shekara uku a kan wannan abinci ta fara ramewa, sukarin jininta ya hau, ƙafafunta suka fara mutuwa. Allurar insulin ba ta magance matsalar ba. Da aka ƙara ɗan sinadarin kiromiyam a cikin ruwan abincinta, alamun suka lafa. An buga wannan bayani a 1977, kuma tun daga nan ake sa wannan sinadari cikin abincin jijiya. Ita ce take fara jin canji a jikinta, ita take kawo ƙorafi, likita ya bi diddigi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu irin wannan rayuwa sun gane da wuri cewa akwai tambayoyin da likita ba shi da amsarsu. Yaya mutum zai zauna a wurin walima alhali ba ya ci? Yaya zai yi tafiya da kwalayen ledojin da ke bukatar sanyi? Yaya zai yi barci yana tashi fitsari sau da yawa saboda ruwan da ke shiga jikinsa duk dare? Saboda haka a 1983 likita Lyn Howard da majinyacinta Clarence Oldenburg suka kafa gidauniyar Oley a birnin Albany na Amurka, domin masu ɗauke da bututun su riƙa koya wa juna.

Siyatil: rami a ƙarƙashin fata

Gyaran da ya sa zama da bututu ya yiwu ga dubban mutane a birnin Siyatil na Amurka aka yi shi, a sashen Belding Scribner, wanda ya riga ya yi suna tun 1960 wajen samar wa masu wankin ƙoda hanyar jini ta dindindin. A 1973 John Broviac, tare da Scribner, ya fito da bututun silikon mai laushi. Dabarar tasu biyu ce. Ta farko, maimakon bututun ya fito daidai inda ya shiga jijiya, sai a bi da shi ta ƙarƙashin fata tsawon 'yan santimitoci ya ɓullo a ƙirji, don ƙwayar cuta ta sami doguwar tafiya kafin ta kai jini. Ta biyu, aka naɗa masa ɗan zoben ƙyalle a ƙarƙashin fata, wanda nama ke kamawa cikin makonni biyu zuwa uku, ya riƙe bututun ya kuma toshe hanya.

A 1979 Robert Hickman, likitan ƙodar yara a wannan birni, ya faɗaɗa bututun domin masu dashen ɓargo. Waɗannan majinyata kullum ana ɗibar jininsu, ana ƙara musu jini, ana ba su magunguna masu ƙarfi da abinci, duk a lokaci ɗaya, kuma jijiyoyinsu sun riga sun ƙone. Da bututun Hickman aka daina sokarsu sau da yawa a rana. Ga yaro mai cutar dajin jini, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Sai dai sauƙin ya zo da nasa nauyin. Wutsiyar roba ce take lilo a ƙirji dare da rana. Kowane mako sai an sauya filasta, an wanke cikin bututun da ruwan gishiri ko maganin hana jini daskarewa. Ba a yarda ruwa ya jiƙa wurin ba, don haka wanka ya zama aikin lissafi: a rufe da leda, a liƙe gefuna, a kauce wa ruwan da ke gangarowa daga kai. Ninƙaya kuwa an hana ta. Mutum yana tsoron ya juya cikin barci ya fizge shi. Uwa tana ɗari-ɗarin rungumar ɗanta mai rarrafe, domin hannun yaro duk abin da ya gani kamawa yake yi. Ma'aurata da dama sun bayyana yadda bututun ya shiga tsakaninsu, ɗaya yana jin kunyar jikinsa, ɗaya yana tsoron ya ji masa ciwo. A asibitocin yara na Birtaniya masu sa kai suna ɗinka 'yar jakar ƙyalle da ake ratayawa a wuya a cusa wutsiyar a ciki, ana kuma koya wa yara da 'yartsana mai ɗauke da irin bututunsu. Sama da duka akwai dokar da kowane gida ya haddace: idan zafin jiki ya kai digiri 38, ko jiki ya kama rawa bayan an wanke bututun, a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

An samu wasu hanyoyi biyu. A 1975 Verne Hoshal ya bayyana dogon bututun silikon da ake sa wa ta jijiyar hannu har ya kai ƙofar zuciya, wanda aka fi sani yau da PICC. Ba ya bukatar ɗakin tiyata, ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya tana iya sa shi a bakin gado. Amma mai shi zai kiyaye hannun daga ɗaukar kaya mai nauyi, zai rufe shi a wanka, kuma bincike ya nuna ya fi sauran jawo daskarewar jini a jijiyar dantse. A 1982 kuma John Niederhuber na Jami'ar Michigan ya ba da rahoton wata 'yar ma'ajiya mai faɗin santimita 2 zuwa 3 da ake binnewa gaba ɗaya a ƙarƙashin fatar ƙirji, bututun yana haɗe da ita ta ciki. Ita ake kira fot. Idan za a ba da magani sai a soka mata allura ta musamman ta cikin fata, idan an gama a zare. Mai fot yana wanka yadda ya saba, yana iyo, yana sa rigarsa ba wanda ya sani. Abin da zai biya shi ne ƙaramar tiyata wajen sawa da cirewa, tabo a ƙirji, sukar allura kowane zuwa, da ɗan ƙullutun da bel ɗin mota ko igiyar rigar mama ke gogawa.

Yaƙi da ƙwayar cuta

Duk da waɗannan gyare-gyare, shigar ƙwayar cuta cikin jini ta ci gaba da kashe mutane, har ma'aikatan asibiti suka ɗauke ta a matsayin ƙaddarar da ke tare da bututun. Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins ya ƙalubalanci wannan tunani da takarda mai ɗauke da abubuwa biyar: a wanke hannu, a rufe mara lafiya da mai aiki da tsaftatattun kaya tun daga sama har ƙasa, a goge fata da maganin kulohekzidin, a guji jijiyar matse-matsi idan da hali, a cire bututun da zarar bukatarsa ta ƙare. An kuma ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki. Da aka gwada wannan a ɗakunan kulawa ta musamman 103 a jihar Michigan, rahoton 2006 ya nuna kamuwa ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Babu sabuwar na'ura a ciki, tsafta ce da bin ƙa'ida. A wannan tsakani ne kuma amfani da na'urar hoton sauti wajen ganin jijiya kafin a soka ya yaɗu, har hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar hakan a 2002, abin da ya rage huda huhu da yawan suka.

Lokacin da aka tambayi masu shi

Kusan shekara 40 ana amfani da Hickman da PICC da fot gefe da gefe ba tare da an auna su da juna a babban gwaji ba. Wanda mara lafiya zai samu ya dogara ne da al'adar asibiti, da wanda ke da hannun sawa a ranar, da kuɗin da aka ware. A 2021 aka buga sakamakon gwajin CAVA, wanda masu bincike a Gilasgo suka jagoranta a kan masu cutar daji 1,061 a cibiyoyi 18 na Birtaniya. Matsaloli sun sami kashi 29 cikin ɗari na masu fot, idan aka kwatanta da kashi 43 na masu Hickman. A ɗaya kwatancen, kashi 32 ne na masu fot, kashi 47 na masu PICC. An kuma zauna da majinyatan an saurare su, masu fot suka yi ta maimaita magana ɗaya: ba ya fitowa fili, ba ya hana su wanka da harkokinsu, ba ya tuna musu da ciwon kowace safiya.

Sauraron majinyata ya kuma nuna cewa zaɓinsu ba kullum yake dacewa da na likita ba. A fannin wankin ƙoda, likitoci sun fi son a haɗa jijiyoyi biyu a hannu, aikin da aka fara bayyanawa a Niyok a 1966, domin ya fi kateta, wato bututun, tsaro nesa ba kusa ba. Amma mutane da yawa da suka saba da katetar wuya suna ƙin rabuwa da ita, saboda da ita ba a soka musu manyan allurai biyu a kowane zama. Wanda bai fahimci wannan tsoro ba, ba zai iya shawo kan mai shi ba. Haka nan ranar cire bututu: wasu suna ɗaukarta ranar farin ciki da ke nuna magani ya ƙare, wasu kuma suna roƙon a bar musu shi saboda fargabar ciwon zai dawo.

Inda labarin ya iske mu

A ƙasar Hausa an fi ganin wannan bututu a jikin masu wankin ƙoda, kuma ba su da kaɗan, musamman a yankunan Gashuwa da Haɗejiya inda ciwon ya addabi jama'a. Da yawa sukan iso asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, don haka ana fara musu wankin ne da kateta ta wucin gadi a matse-matsi, hanyar da Stanley Shaldon ya fara a Landan tun 1961, ko kuma a wuya. Abin da aka yi don 'yan kwanaki yakan daɗe a jiki saboda rashin kuɗin wanda ya fi shi. Akwai kuma masu cutar daji da suke dawowa daga Indiya ko Masar da fot a ƙirji, wanda yake bukatar a riƙa wanke cikinsa lokaci zuwa lokaci da allurarsa ta musamman, domin allurar yau da kullum tana lalata shi. Ga masu sikila da aka yi ta yi wa ƙarin jini har jijiyoyinsu suka ɓace.

Tambayoyin majinyacinmu sun ɗan bambanta da na takwaransa na Gilasgo. A zafin watan Afrilu gumi yana ɗaga filasta kafin mako ya zagayo. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina. Da bokiti yake wanka. Yana son ya san yadda zai yi wankan tsarki ba tare da ya jiƙa wurin ba, kuma sau da yawa kunya ce take hana shi tambaya, alhali malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da taimama ga mai lalura. Garinsu na iya zama tafiyar sa'o'i daga asibitin da ya san bututun, ga shi kuma zazzaɓin da ya kamata ya tayar da hankali an saba kiransa maleriya, a sayi magani a kemis a kwanta.

Darasin shekara kusan 100 ɗin nan a bayyane yake. Duk inda aka sami ci gaba na gaske, an same shi ne ta hanyar tsafta da kuma sauraron mai ɗauke da bututun, kuma waɗannan biyun ba su fi ƙarfinmu ba. Ya kamata likitoci da ma'aikatan jinya su tambayi mara lafiya sana'arsa, da yadda yake wanka, da ko akwai ƙaramin yaro a hannu, da nisan gidansa, kafin su zaɓa masa irin bututun da za a sa. Kada a sallame shi sai an koya masa, shi da mai jinyarsa, da harshen da suke ji, yadda za su kula da wurin da alamun haɗari. Hukumomin lafiya su sa aikin haɗa jijiyar hannu da kayan sauya filasta cikin tallafin wankin ƙoda. Kai kuma mai karatu, idan kana da ɗan uwa mai irin wannan bututu, kada ka bari kowa ya taɓa shi bai wanke hannu ba, kuma ranar da ka ga zazzaɓi ko rawar jiki ko ruwa yana fita daga wurin, ka kai shi asibiti a ranar, ka kuma faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa cewa akwai bututu a jikinsa.